Yadda Ƙwarin Zazzaɓin Cizon Sauro Su Ke Gagarar Magani

A cikin shekarun 1960 babu wani magani da ya kai kulorokwin farin jini a ɗakunan shan magani na ƙasar Hausa. Ga araha, ga saurin aiki. Aibinsa kurum ɗaci, da ƙaiƙayin da ya kan sa wa waɗansu mutane. Yaron da aka kawo jikinsa ya yi zafi rau, in an ba shi, kafin kwana uku ya tashi ya koma wasa. Amma shekaru na tafiya amfanin maganin na raguwa, har ya zamana a sha shi daidai yadda likita ya ce, zazzaɓin ya lafa mako ɗaya ko biyu, sa'an nan ya komo. A 2005 Gwamnatin Nijeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro.

Mutane sun ba da dalili iri biyu game da wannan. Waɗansu sun ce jiki ne ya saba da maganin, waɗansu kuwa sun ce maganin yanzu ba shi da ƙarfin na da. Ko da ya ke akwai jabun magunguna a kasuwa, dalilan nan biyu ba su kai ga tushen al'amarin ba. Jikin mutum bai sake ba, kulorokwin na gaske kuma yana nan yadda Hans Andersag ya fara haɗa shi a Jamus a 1934. Abin da ya sake shi ne ƙwaron da ke kawo cutar. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana yadda sakewar ta ke aukuwa, gama abin da ya sami kulorokwin ya sami magungunan da suka gaje shi, alamunsa kuma sun fara bayyana ga maganin da a ke dogara da shi yau. Maganar ba ƙarama ba ce ga wannan yanki. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2023 cutar ta kama mutane sau miliyan 263, ta kashe kimanin 597,000, kusan kashi 31 cikin 100 na mamatan a Nijeriya, kusan kashi 6 kuma a Nijar.

1. Ƙwaron da yawansa

Abin da ke kawo wannan zazzaɓi wata 'yar halitta ce mai rai wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Domin kada a rikita ta da ƙwayar magani ko ƙwayar jini, za a riƙa kiranta ƙwaro a nan. Wani likitan sojan Faransa, Laveran, shi ya fara ganinsa cikin jinin marasa lafiya a Aljeriya a 1880, sa'an nan Ronald Ross ya same shi cikin tumbin sauro a Indiya a 1897. Iri biyar ne ke kama ɗan Adam, amma wanda ya fi kisa, wanda kuma ya fi yawa a Afirka, shi ne a ke kira falsifaram.

Sa'ad da macen sauro ta ciji mutum, ta kan zuba masa ƙwarin tare da yawunta. Su kan wuce zuwa hanta, su zauna kamar mako ɗaya, ko wane guda ya hayayyafa ya zama dubbai. Daga nan su fantsama cikin jini, ko wanne ya shige cikin jar ƙwayar jini guda, ya ci abin da ke cikinta, ya rarrabu ya zama kamar 16 zuwa 32, ƙwayar ta fashe, 'ya'yan su shiga waɗansu. Wannan zagaye ya kan ɗauki sa'a 48. Kafin baligin da bai saba da cutar ba ya fara jin zazzaɓi, ƙwarin da ke jikinsa sun kai wajen miliyan 100. Wanda cutar ta kayar ƙwarai kuwa yana iya ɗaukar miliyan sau miliyan. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin a kansa sauran bayanin ya ke tsaye. Sarkin yawa, in ji masu magana, ya fi sarkin ƙarfi.

2. Tuntuɓen alƙalami

Ko wane ƙwaro yana ɗauke da wani rubutu na gado a cikin jikinsa, wanda ya ƙunshi umarnin yadda za a gina shi da yadda zai rayu. Masana sun gama karanta na falsifaram a 2002, suka tarar haruffansa iri huɗu ne kawai, adadinsu wajen miliyan 23, an kasa su juzu'i 14 da babi fiye da 5,000. Ko waɗanne haruffa uku kalma ɗaya ce, ko wane babi kuma bayanin ƙirar wani kayan aiki ne guda a jikin ƙwaron. Duk sa'ad da ƙwaro zai rabu biyu, tilas a kwafi rubutun nan daga farko har ƙarshe, ko wane ɗa ya sami nasa.

Wanda ya taɓa gwada tsofaffin littattafai na hannu ya san abin da ke faruwa ga littafin da aka daɗe ana kwafa. Komi ƙwarewar marubuci, wata rana alƙalami ya kan yi tuntuɓe. Ɗigo ɗaya ne ya raba dal da zal, almajirin da ya kwafa daga gurɓataccen kwafi kuwa zai wuce da kuskuren gaba bai sani ba. Ƙwaron nan gwanin kwafi ne, kuskurensa bai wuce harafi ɗaya cikin miliyan dubu ba. Amma in masu kwafin sun kai miliyan sau miliyan a jikin mutum ɗaya, abin da ya ke da wuya ga ɗaya ya zama tabbas ga taro.

Yawancin kurakuran nan ba su canja komi. Waɗansu su kan nakasa ƙwaron ya mutu. Can ba a rasa ba sai kuskure ya faɗa daidai kan kalmar da ta shafi wurin da wani magani ke kamawa, ƙwaron ya zama maganin ba ya cinsa sosai. Abin lura shi ne, kuskuren nan ba maganin ne ya jawo shi ba, ƙwaron kuma bai yi shi da niyya ba. Yana aukuwa ko da magani ko babu. In babu magani, ƙwaro mai wannan kuskure ba shi da wani fifiko bisa 'yan'uwansa. Guda ne cikin miliyoyi, galibi ma garkuwar jiki ta kan hallaka shi tare da saura, labarinsa ya ƙare nan.

3. Magani rariya ne

Sa'ad da magani ya shiga jini sai al'amarin ya juya. Ya kan kashe duk ƙwarin da ya ke iya kashewa, ya bar wanda ya gagare shi. Misalinsa kamar manomi ne da fartanyarsa ke cire ko wace ciyawa ban da iri ɗaya: ko wane noma da ya yi share wa wannan iri fili ya ke yi, shekara kaɗan gonar ta zama tasa. Haka ƙwaron da ya tsira ya kan sami jini duka babu abokin takara, ya ci gaba da ninkuwa, bayan mako biyu ko uku zazzaɓin ya komo, a wannan karo kuwa dukan ƙwarin zuriyarsa ne.

Duk da haka ba zai zama annoba ba sai ya fita daga jikin mutumin. Waɗansu daga cikin ƙwarin da ke jini su kan rikiɗa su zama maza da mata, waɗanda ba su sa zazzaɓi, aikinsu jiran sauro. In sauro ya tsotse su, su kan haɗu cikin tumbinsa su haifi sabuwar zuriya, wadda za ta koma bakinsa bayan kwana goma ko fiye, ta shiga mutum na gaba. An lura cewa wanda aka yi wa magani bai warke sarai ba ya fi daɗewa da waɗannan maza da mata cikin jininsa. Watau rashin warkewar mutum ɗaya shi ne ƙofar yaɗuwar iri mai gagara ga sauran gari.

Ƙasar Hausa ta ga wannan doka da idonta tun da wuri, a kan sauron kansa. A aikin yaƙi da zazzaɓi da aka fara a yammacin Lardin Sakkwato a 1954, an fesa wa ɗakuna wani maganin ƙwari mai suna diyeldirin. A 1955 aka sami sauro a Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, wanda maganin ba ya kashewa. Rariyar ɗaya ce, abin da aka tankaɗe ne ya bambanta.

4. Hanyoyin tsira

Ko wane magani da inda ya ke kama ƙwaron, saboda haka ko wanne da irin kuskuren da ke warware shi.

Kulorokwin ta wajen abinci ya ke kama shi. Ƙwaron yana cin jan sinadarin da ke cikin ƙwayar jini, ya narka shi cikin wata 'yar jaka da ke zaman tumbinsa. Narkewar ta kan saki wani abu mai ƙarfe a ciki, a na kiransa him, wanda dafi ne ga ƙwaron. Dabararsa ita ce ya dunƙule shi ya zama baƙin tsakuwa marar cutarwa. Kulorokwin ya kan taru cikin jakar ya hana dunƙulewar, ƙwaron ya mutu da dafin abincinsa. A 2000 David Fidock da Thomas Wellems da abokan aikinsu a Amurka suka gano babin da ya sake a juzu'i na 7. Babin ƙirar wata 'yar ƙofa ce a bangon jakar. In kalma ta 76 ta canja, tare da waɗansu kalmomi da ke tallafa mata, sai ƙofar ta zama tana fitar da kulorokwin waje kafin ya taru.

Firimetamin, wanda aka fito da shi a 1952 da sunan Daraprim, mutane kuma suka riƙa sha ko wace Lahadi don rigakafi, wani wuri ya ke kamawa. Akwai wani kayan aiki da ƙwaron ke bukata wajen haɗa abin da ya ke kwafar rubutunsa da shi. Maganin ya kan shige cikinsa ya toshe, kamar karyayyen mabuɗi a cikin kwaɗo. Canjin kalma ɗaya tak, ta 108, ya isa ya sake siffar ramin kwaɗon kaɗan, har maganin ya kasa zama daram, alhali mabuɗin gaske yana shiga. In kalma ta 51 da ta 59 suka bi baya, gagarar ta daɗa ƙarfi, kamar mai hawan tsani.

Mefulokwin kuwa, wanda aka fara ba da shi ko'ina a Tailan wajen 1985, kuskure iri dabam ne ya karya shi: maimakon harafi ya canja, sai aka kwafi babi guda sau biyu ko uku, kayan aikin da babin ke bayyanawa ya yawaita, ya janye maganin daga wurin da ya ke aiki. Cikin shekara biyar ko shida amfaninsa ya ragu ƙwarai a kan iyakokin ƙasar.

Daga nan za a gane abin da ya sa wani magani ya fi wani daɗewa. Wanda kalma ɗaya ke warwarewa ba ya jimawa. An raba wa mutane firimetamin a Tanganyika a 1953, cikin 'yan watanni aka sami ƙwarin da ya gagara. A 1960 wani likita, Archibald, ya ba da labarin irin wannan a wani ƙauye na Nijeriya ta Arewa. Kulorokwin kuwa sai kalmomi da dama sun canja tare, abin da ke da wuyar haɗuwa ƙwarai, don haka ya yi fiye da shekara goma ana shansa a duniya kafin a ji gagararsa, wuraren da gagarar ta tsiro da kanta kuma ba su wuce a ƙidaya da yatsu ba.

5. Inda ta ke tsirowa da yadda ta ke tafiya

An fara ganin gagarar kulorokwin a kan iyakar Tailan da Kambodiya wajen 1957, sa'an nan a Kolambiya da Benezuwela wajen 1960. Daga Asiya ta bi yamma ta Bama da Indiya, ta sauka Kenya da Tanzaniya a 1978, kafin shekara goma kuma ta kai Afirka ta Yamma. Binciken rubutun gado ya nuna cewa irin da ya mamaye Afirka zuriyar na Asiya ne, ba haifaffen nan ba. Haka kuma aka samu game da ƙwarin da suka canja kalmomi uku suka gagari firimetamin. Mutane ne suka ɗauko su cikin jininsu, sauron gida ya karɓa.

Ana iya mamakin abin da ya sa aka faro daga kudu maso gabashin Asiya, inda cutar ba ta kai ta Afirka yawa ba. Dalilin yana cikin ƙarancin nata. Inda sauro ke cizon mutum da cutar sau da yawa ko wace damina, kamar yadda binciken Garki na 1969 zuwa 1976 ya auna a ƙasar Kano ta lokacin, manya su kan sami garkuwa. Da yawa suna yawo da ƙwarin ba su jin komi, ba su kuwa shan magani, saboda haka yawancin ƙwarin ƙasar ba su taɓa gamuwa da rariya ba. Wanda ya sha magani kuma garkuwarsa ta kan ƙarasa abin da maganin ya bari. Bugu da ƙari, mutum ɗaya ya kan ɗauki zuriya da dama a lokaci guda, in sun yi auratayya cikin sauro sai kalmomin da suka taru wuri ɗaya su warwatse. Inda cutar ta ke kaɗan kuwa, kusan duk wanda ta kama sai ya kwanta, sai ya sha magani, ba shi kuma da garkuwar da za ta taimaki maganin.

Garin Pailin na yammacin Kambodiya ya tara dukan sharuɗɗan nan. Wurin haƙar yaƙutu ne, baƙi marasa garkuwa suna kwarara daga nesa, su kwana a daji, su kamu, su sayi magani yadda ya sawwaƙa, su koma garuruwansu da abin da suka ɗauka. A farkon shekarun 1960 kuma an gwada wata dabara a can wadda Mario Pinotti ya ƙago a Burazil, ta zuba maganin zazzaɓi cikin gishirin miya. Niyyar kirki ce, amma sakamakonta shi ne jama'a da yawa suna yawo da ɗan magani kaɗan cikin jini, wanda bai isa kisa ba, ya dai isa tankaɗe.

Abin da gagarar ta jawo a Afirka an auna shi a Senegal, inda Jean-François Trape da abokan aikinsa suka bi lissafin mutuwar yara a yankuna uku na karkara kafin isowarta da bayanta. Mutuwar yara da zazzaɓi ta ninka sau biyu a wuri ɗaya, sau biyu da rabi a wani, sau biyar da rabi a na uku.

6. Abin da hannun mutum ya ke ƙarawa

Babu mai iya hana alƙalami tuntuɓe, amma saurin yaɗuwar kuskuren yana hannun mutane. Gagara ba ta kan fara da cikakken ƙarfi ba. Ƙwaron da ya taka matakin farko cikakken magani yana kashe shi har yanzu. Rabin magani ne ke barinsa, ya ba shi zarafin taka na biyu. Rabin magani kuwa ta hanyoyi da yawa ya ke zuwa: a daina sha da zarar jiki ya yi sanyi, a ajiye saura don wani yaro, a raba kwali ɗaya tsakanin mutum biyu, yaro ya amayar ba a sake ba shi ba, ko a sayi jabu mai ɗan ƙanshin magani a ciki. Wannan na ƙarshe ya fi wanda babu komi cikinsa haɗari ga jama'a, ko da ya ke duka biyu suna iya kashe mai sha. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Akwai kuma abin da ya shafi halin maganin kansa. Kulorokwin ya kan yi makonni yana raguwa a hankali cikin jini bayan an warke. In sauro ya sake cizon mutumin a wannan tsakani, sababbin ƙwarin za su tarar da magani mai rauni, wanda zai kashe masu laushi ya bar masu tauri. Saboda haka duk wanda aka ba maganin zazzaɓin cizon sauro alhali wani ciwo ne ke damunsa, an mai da jikinsa rariya a banza. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2010 a gwada jini kafin a ba da magani.

7. Haɗa biyu, da inda aka kwana

Maganin da ya ceci al'amarin daga ƙasar Sin ya fito. A cikin wani aikin bincike da gwamnatin ƙasar ta kafa a 1967, Tu Youyou da abokan aikinta suka tsamo atemisinin daga wani tsiro dangin tazargade a farkon shekarun 1970, aikin da ya sa aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Babu maganin da ya kai shi sauri: ya kan rage ƙwarin ninki 10,000 a zagaye ɗaya. Amma cikin 'yan sa'o'i ya ke fita daga jini, don haka a kan haɗa shi da wani magani mai daɗewa, kamar lumefantirin.

Hikimar haɗin ta lissafi ce. A ɗauka, alal misali, ƙwaro ɗaya cikin miliyan dubu ya gagari magani na farko, ɗaya cikin miliyan dubu kuma ya gagari na biyu. In magungunan wurare dabam su ke kamawa, wanda zai gagari duka biyu ɗaya ne cikin miliyan dubu sau miliyan dubu, adadin da ya fi abin da jikin mutum ke iya ɗauka nesa ba kusa ba. Kuma shan kwana uku ya kan shafi zagaye biyu, ya rage ƙwarin ninki miliyan 100, har mai ɗauke da miliyan sau miliyan ya saura da kamar 10,000, waɗanda abokin haɗin zai share.

Sai dai an yi shekaru ana sayar da atemisinin shi kaɗai a Kambodiya, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a daina a 2006. A 2008 da 2009 aka ba da labarin cewa a yammacin ƙasar, har da Pailin ɗin nan, ƙwarin sun fara jinkirin fita daga jini. A 2014 masana na Cibiyar Pasteur suka gano babin da ya sake, wanda a ke kira K13. Dabarar wannan karo ta ƙarancin ci ce. Atemisinin ba ya tashi aiki sai ya gamu da him ɗin nan da ke fita daga abincin ƙwaron. Ƙwaron da babinsa ya sake ya kan rage ci sa'ad da ya ke ƙarami, him ya yi kaɗan, maganin ya wuce bai farka sosai ba. Wannan gagara rabi ce, gama maganin yana kisa har yanzu, sai dai abin da ya ke bar wa abokin haɗinsa ya yi yawa. A Kambodiya abokin, watau fiferakwin, ya kasa ɗaukar nauyin. A wani gwaji da aka yi a Kambodiya da Tailan da Biyetnam daga 2015 zuwa 2018, rabin waɗanda aka ba wannan haɗi ne kaɗai suka warke sarai.

An daɗe ana tsoron kada irin nan ya biyo hanyar kulorokwin zuwa Afirka. Abin da ya faru ya saɓa wa zato: Afirka ta haifi nata. An ba da labarin canji a kalma ta 561 ta babin K13 a Ruwanda a 2020, a kalma ta 469 da ta 675 a arewacin Uganda a 2021, a kalma ta 622 a Eritiriya a 2023, bincike kuma ya nuna ba daga Asiya suka zo ba. Rahoton Hukumar na 2024 ya tabbatar da gagarar a waɗannan ƙasashe uku da Tanzaniya, ya kuma ce ana zatonta a Habasha da Sudan da Namibiya da Zambiya. Wanda ya san tsohuwar hanyar alhazai da fatake daga Sudan ta Chadi zuwa Barno da Kano ba ya bukatar a gaya masa ma'anar wannan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

8. Abin da Malawi ta nuna

Gagara ba kyauta ba ce ga ƙwaron. Ƙofar da aka sake wa siffa don fitar da kulorokwin ba ta yin aikinta na asali kamar da, saboda haka inda babu maganin, ƙwaro mai gagara ya kan kasa takara da na asali. Malawi ce ƙasar Afirka ta farko da ta janye kulorokwin, a 1993. A 1992 kashi 85 cikin 100 na ƙwarin da aka gwada a Blantyre suna da canjin kalma ta 76. A 2000 sun koma kashi 13. A wani gwaji na 2005 kuma kulorokwin ya warkar da kashi 99 cikin 100 na yaran da aka ba. Ba a komar da shi ba, domin irin mai gagara yana nan a maƙwabta, da an koma sha da ya sake mamaye fili. Amma an ga a sarari cewa yawan masu gagara yana hawa da sauka ne bisa ga yadda a ke girgiza rariya.

A kan wannan ilmi a ke gina dabarun yanzu. Tun 2012 a ke ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar a yankin Sahel haɗin salfadoksin da firimetamin da amodiyakwin wata-wata a damina, gama canjin da ya fi karya wannan haɗi a Afirka ta Gabas bai yawaita a Yamma ba. An kuma shawarci a yi jiyyar marasa lafiya a wuraren nan da wani haɗi dabam, don kada magani ɗaya ya ɗauki kaya biyu. Ana gwada haɗa magani uku, da ba da haɗi iri dabam dabam a ƙasa ɗaya. Gidan sauro, da allurar rigakafi wadda Nijeriya ta fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024, su ma suna cikin yaƙin, domin duk zazzaɓin da aka hana miliyoyin kwafi ne da ba a yi ba.

Saura abin da ba ya bukatar ɗakin bincike, wanda malamin makaranta ke iya koya wa ɗalibansa su kai gida. A gwada jini kafin a sha. Haɗin atemisinin da lumefantirin sau shida a ke shansa cikin kwana uku, tare da nono ko abinci mai maiƙo domin jiki ya karɓe shi. Wanda aka yi wa allura saboda tsananin ciwo sai ya bi ta da cikakken haɗin na sha. Sha na biyar da na shida, waɗanda a kan bari saboda yaro ya riga ya tashi, su ne ke kashe 'yan ƙwarin da suka fi saura tauri, waɗanda in an bar su sauro zai kai wa yaron maƙwabta.